Doña Ercilia da Yatsun Masunci

Ƙarfe bakwai saura kwata Doña Ercilia Landázuri take sauka daga babur ɗin haya a ƙofar ofishin rajistar kamfanoni na Tumaco, garinmu na bakin teku, da lema a hannu ko ana ruwa ko ba a yi, domin saman garinmu ba ta da alkawari. Takan tsaya wurin Nemesia mai kofi ta sha kofi ɗaya a tsaye, ta gaida Don Crisanto mai gadi ta tambaye shi ya ciwon gwiwa, sannan ta juyo kaina inda nake girka tafireta a ƙarƙashin rumfa. Ni ne Plinio, mai buga wa mutane takardu, shekara ashirin da ɗaya ina wannan ƙofar. Gaisuwarta gare ni ba ta taɓa canzawa ba: "Plinio, yau kuma sunan wa za ka ɓata?" Ni kuma in ce mata sai na ga wanda ya fara zuwa.

Tebur na uku ne nata, shekara talatin da biyu. Kafin ta kira kowa sai ta jera kayanta: kwamfuta, 'yar na'urar ɗaukar zanen yatsa, kwalbar sifirit, auduga, kwanon ruwan ɗumi, da wata ƙaramar kwalbar man kwakwa. Gwamnati ce ta kawo huɗun farko. Biyun ƙarshe daga gidanta ta zo da su, kuma su ne dalilin wannan rubutu.

A da, kwafin katin ɗan ƙasa ya isa a buɗe kamfani. Ka kawo kwafi, ka kawo takarda da sa hannu, a buga maka hatimi ka kama gabanka. Ta haka ne Don Aristides mai gawayi ya zama mai kamfani uku bai sani ba, sai ranar da 'yan sanda suka zo suka same shi yana ɗaure buhu. An kama hodar iblis a kwantenar da ke ɗauke da sunansa. Mutumin da bai taɓa taka tashar jiragen ruwa ba, yau shekararsa shida a gidan yari. Doña Ercilia ce ta buga hatimin takardunsa. Ba ta karya doka ba, kowa ya gaya mata haka, amma har yanzu in aka ambaci sunan mutumin sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Shi ya sa da sabuwar doka ta zo, ta fi kowa murna. Duk wanda aka rubuta a matsayin mai kamfani dole ya zo da ƙafarsa, da katinsa na ainihi, ya kalli kyamara, ya ɗora yatsa a kan na'ura. In ta kunna kore, an wuce. In ta kunna ja sau uku, takardun sun kulle, sai a tura su babban birni, mutum ya je can gaban masu bincike ya yi musu bayanin kansa da na kamfaninsa.

Abin da masu rubuta dokar ba su sani ba shi ne hannuwanmu. Su a can sama alƙalami suke riƙewa. Mu nan gishiri da igiyar koma da ɓawon kwakwa da taɓo sun cinye mana zanen yatsu. Na'urar nan ta ƙi mutanen kirki bi da bi. Ranar da mata goma sha biyu masu tonon piangua, wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, a taɓon bakin teku suka zo yi wa ƙungiyarsu rajista, ta farko ta ɗora yatsa, ja ta kunna.

"Au, wato ni ba ni ba ce?" in ji Teófila, shugabarsu. "Shekara hamsin da biyar ina yawo da wannan fuskar, yau kwalba za ta ce ba ta san ni ba? Doña, ki tambayi mijina, shi ya fi kowa sanin ni ce, kullum yana kuka da ni."

"Mijinki ba ya cikin doka," in ji Doña Ercilia. "Kawo hannun nan in gani. Haba Teófila, wannan yatsa ne ko gindin tukunya?"

Ta jiƙa yatsan a ruwan ɗumi, ta goge, ta ɗiga man kwakwa ɗigo ɗaya tak, ta murza har ya shige, ta ce ta taɓa gilashin a hankali kamar mai taɓa goshin jariri. Kore ta kunna. Matan suka ɗauki guɗa har shugaban ofis ya leƙo. Tara suka wuce a ranar. Ukun da suka rage, ta duba yatsunsu a hasken taga ta hana su gwadawa, don kada su ƙona damarsu. Ta ce su hutar da hannu sati biyu ko uku, zanen zai fito.

"Wa zai ciyar da mu sati uku, ke?" in ji ɗaya daga cikin ukun.

"Sauran taran," in ji Doña Ercilia. "Ba ƙungiya kuka ce kun kafa ba?"

Haka aka yi kuwa. Daga nan labarin man kwakwa ya zaga gari da ƙauyukan cikin ruwa. Masunta, masu wanki, masu fasa koko, duk tebur na uku suke tambaya. Ke ce, Doña Ercilia, kika koyi abin da babu shi a littafin da aka aiko muku: kin san yatsan da ruwa zai tayar, da wanda sai mai, da wanda sai hutu. Kin riƙe hannuwan garin nan ɗaya bayan ɗaya ba ki taɓa yamutsa fuska ba.

Yanzu sai in faɗi abin da na daɗe ina tauna.

Wata Litinin wani mutum ya tsaya a gaban teburina. Dakta Wílmer ake ce masa. A nan duk wanda ya sa riga mai dogon hannu da agogo mai nauyi dakta ne, ba a tambayar me ya karanta. Kowa ya san su wa yake yi wa aiki, kuma ba a faɗin sunansu ko a cikin ɗaki. Ya ajiye mini wata takarda ya ce in buga. Kamfanin fitar da kaya ƙasashen waje, mai shi Baudilio Preciado. Na san Don Baudilio, tsohon masunci ne mai kwale-kwale ɗaya, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Na ɗaga kai na kalli Dakta, ya yi mini murmushi. Na sunkuyar da kai na buga. Ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba.

Talata da hantsi suka zo. Don Baudilio cikin sabuwar riga da layin ninkinta bai ma baje ba, da takalman da ke matse shi, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Dakta na riƙe da gwiwar hannunsa. A tsallaken titi wasu mutum biyu suka tsayar da babur, ba su cire hular kwano ba, ba su kashe inji ba. Nemesia ta daina kiran masu saye. Don Crisanto ya buɗe ƙofa bai nemi ganin komai ba.

"Baba Baudilio!" in ji Doña Ercilia. Tun tana yarinya shi ke kawo wa mahaifiyarta kifi. "Kai ne haka? Wace bazawara ce ta yi sa'a?"

"Ke dai bari, 'yata. Allah ne ya tuna da ni."

Ta miƙa hannu suka gaisa. Hannun laushi gare shi. Ta juya tafin zuwa haske, ga zanen yatsun nan raɗau, layi bayan layi, kamar na malamin makaranta. Shekara biyu tana fama da hannuwan masunta, ba ta taɓa ganin wanda ya zo haka ba.

"Baba, yaushe rabonka da teku?"

"Sati uku cur! Yaron nan ya ajiye ni a otal, kaza safe da yamma. Ya hana ni ko wanke cokali. Kullum a shafa mini mai, a sa mini safar hannu, sai ka ce amarya." Ya yi dariya har da tari. "Kuma in an gama zai saya mini injin kwale-kwale, sabo a kwali."

Dakta ma ya yi dariya, amma idonsa na kanta.

"To madalla. Me kamfanin naka zai riƙa sayarwa, Baba?"

Tsohon ya juya ya kalli Dakta.

"Ayaba da koko, zuwa Turai," in ji Dakta. "Kawuna ne, Doña, ba ya son dogon surutu. Ga kati, ga takardu, ga shi da kansa. Doka ta cika, ko?"

Doka ta cika. Katin nasa ne, fuskar tasa ce, kyamara ta amince tun kallon farko. Saura yatsa, kuma yatsan nan an yi sati uku ana kiwonsa don wannan minti ɗaya. In kore ta kunna, Don Baudilio ya zama mai kamfani, kuma ranar da aka buɗe kwantena shi za a zo ɗauka, kamar yadda aka ɗauki mai gawayi. In kuwa ta buɗe baki ta ce tsohon nan bai san abin da ake ciki ba, to ta ɗora masa laifin ɓata aiki, ita ma ta ɗora wa kanta. Garin nan mun san inda ake tsintar masu ɓata aiki idan ruwa ya janye.

Ta gaya mini daga baya cewa ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta ga hannunta ya wuce kwanon ruwan ɗumi ya ɗauko kwalbar sifirit.

Doka ta ce a goge yatsa kafin a ɗora. Ta goge. Ta sake jiƙa auduga ta goge, ta kuma gogewa, tana tambayarsa labarin 'ya'yansa, har fatar ta bushe ta yi fari.

"Danna da ƙarfi, Baba. Da ƙarfi sosai, na'urar nan kurma ce."

Nemesia, da ke leƙe ta taga, ta ce da ta ji wannan kalma sai da kofin hannunta ya kusa suɓucewa. Duk garin an san Doña Ercilia "a hankali" take cewa, domin dannawa da ƙarfi baje zanen take yi. Tsohon ya danna da ƙarfin mai jan koma. Ja.

"Yau kuma," in ji Doña Ercilia, tana buga gefen na'urar. "Sake, Baba."

Ja.

Dakta ya jawo kujera ya zauna daf da ita, ƙamshin turarensa ya cika mata hanci.

"Doña," ya ce a hankali, "an ce kina da wani mai. An ce ko dutse kika shafa wa sai na'ura ta karanta. Ina man?"

"Ga shi nan, Dakta."

"To a sa wa kawuna. Kada a yi masa rowa."

Ta buɗe kwalbar. Hannunta na rawa, kuma wannan rawar ba ta ƙarya ba ce. Maimakon ɗigo ɗaya, mai ya tsiyayo ya jiƙa yatsan har yana ɗiga a kan tebur. Ta san abin da mai da yawa yake yi: yana cike layukan, ya shafe su. Ta ɗan taɓa da auduga don idon mai kallo, ta kama yatsan da kanta ta ɗora. Ta ce a ranta ta kira Budurwa Maryamu, amma ba ta tuna me ta roƙa ba.

Ja ta uku. Kwamfuta ta yi ƙara, rubutu ya fito cewa takardun sun kulle, an tura babban birni.

"Kash," in ji ta. "Sai dai ku je can, Dakta. Su ma tambayoyi kaɗan ne za su yi masa, a ɗaki, shi kaɗai."

Dakta ya daɗe yana kallon man da ya zuba a tebur. Sannan ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya sunkuyo.

"Gidan nan mai shuɗiyar ƙofa, a bayan coci, naki ne ko? Katakon gadar da ake bi a shiga ya fara ruɓewa. Ki riƙa duba inda kike sa ƙafa, Doña. Ruwan wurin yana da zurfi."

Ya fita bai waiwayi kawun nasa ba. Don Baudilio ya tsaya a tsakiyar ofis da yatsa mai maiƙo, ya kalli ƙofa, ya kalle ta, idonsa ya kawo ruwa.

"Kowa kin yi masa, Ercilia. Har Teófila mai hannu kamar kuturu kin yi mata. Sai ni? Ni da na goya ki a kafaɗa na tsallakar da ke ruwa? Me na yi miki?"

"Na'ura ce, Baba."

"Na'urar uwarki!" Ya cire takalman ya riƙe a hannu ya fita.

Don Crisanto ya ce ta shiga banɗaki, ya ji tana amai. Ta fito da fuska a jiƙe, ta goge teburin, ta zauna, ta kira mai bi.

Ranar Juma'a da tsakar rana wani mai babur ya ajiye mata ambulan a wurin mai gadi. Katin ta'aziyya ne, irin mai baƙin gefe da gicciye, wanda ake kai wa gidan makoki. Sunan mamaciyar an rubuta shi da kyakkyawan rubutu: Ercilia Landázuri. Wurin kwanan wata an bar shi fili. Saura wata bakwai ta yi ritaya a lokacin. Shugaban ofis, mutumin kirki, ya ce ta ɗauki hutu ta bar gari tun yau. Ta ce in ta gudu ta amsa laifi ke nan, kuma in sun tabbatar da gangan ne za su koma kan tsohon su tambaye shi me ya gaya mata. Ta sa katin a jaka, ta dawo aiki Litinin.

Kada wani ya ce muku ba ta ji tsoro ba. Na ga tsoro yana cin matar nan kamar gara. Babur ɗin yakan tsaya a tsallaken titi sau biyu ko uku a sati, ba sa yin komai, kallo kawai. Ta daina zuwa kasuwa. Ta janye kujerarta ta gida daga bakin taga. Rigunanta suka yi mata yawa. Wata rana kwakwa ta faɗo a kan kwanon rufin ofis, kafin kowa ya gane me ya faru tana ƙarƙashin tebur, ta fito tana dariya tana share hawaye. Ta sallami 'yar'uwarta da ke zaune da ita, ta ce gidan ya yi musu kaɗan. Kullum da safe, kafin ta taka gadar katakon nan, sai ta tsaya ta gwada kowane katako da tsinin lema.

Ke ce kika yi wata bakwai a haka, Doña Ercilia, ba ki yi fashin kwana ɗaya ba. Ke ce kika ci gaba da tambayar duk wanda aka riƙo wa hannu me kamfaninsa zai sayar. Uwar masu gogaggun yatsu, ba ki da bindiga, ba ki da mai tsaron lafiya, Don Crisanto ma sanda ce gare shi da gwiwa mai ciwo. Kin san ni na buga takardun nan, kin ga rubutun tafiretata, amma ba ki taɓa goranta mini ba. Da kin zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ta kawar da ɓarna ba. Na tabbata sun samo wani tsohon a wani garin, da wani tebur. Dakta Wílmer an daina ganinsa tun watan jiya. Wasu sun ce an kama shi, wasu sun ce nasa ne suka gama da shi. Iyayen gidansa dai suna nan, kuma ina buga wannan rubutu ina kallon titi. Abin da ta iya shi ne mutum ɗaya. An jefar da Don Baudilio saboda yatsansa bai da amfani, kuma wannan jefarwar ita ce ta cece shi.

Shi bai sani ba. Ta hana mu gaya masa, domin in ya sha giyar rake babu abin da ke zama a cikinsa. Wata bakwai yana ba da labari a bakin ruwa cewa 'yar da ya goya ta yi masa baƙin ciki, ta hana shi inji. In sun haɗu a ƙofar coci ta ce "Barka da safiya, Baba," sai ya tofar da yawu gefe ya wuce. Ta ce mini wannan ya fi katin ciwo.

Juma'ar da ta wuce muka yi mata 'yar walima a ofis, kifi a ruwan kwakwa da soyayyiyar ayaba, Teófila da matanta suka zo suka yi waƙa. Asabar da safe ta shiga motar Pasto, can kan duwatsu, wurin ƙanwarta. Mace mai shekara sittin da ba ta taɓa mallakar rigar sanyi ba, ta bar teku, ta bar kabarin uwarta, don ta samu ta yi barci. Motar ta bi ta bakin ruwa. Don Baudilio na zaune yana ɗinkin koma, ta ɗaga masa hannu ta taga, ya gan ta sarai, ya juya baya. Ta ce in jira sai motar ta hau dutse kafin in rubuta komai, kuma na jira.

Mun gode, Doña Ercilia. Na gode ni ma, da kunyata. Ku kuma da ke zaune a bayan tebura, a nan da ko'ina, na'ura za ta gaya muku ko mutum shi ne, amma ba za ta gaya muku ko ya san inda ake kai shi ba. Ku kama hannunsa ku duba, ku yi masa tambaya ɗaya, ku ga wa zai kalla kafin ya amsa. Wanda kuma ya karanta wannan ya san Don Baudilio, don Allah ya je ya karanta masa, da safe, kafin ya fara sha.

Jiya ta kira wayar Nemesia daga Pasto, muryarta na rawa don sanyi. Ba ta tambayi gidanta ba, ba ta tambayi masu babur ba. Cewa ta yi, "Baba ya fita teku yau?" Ya fita, Doña. Ya fita da tsohon kwale-kwalensa yana tuƙi da filafili, yana zaginki, kuma in yamma ta yi zai dawo ya kwana a gidansa.